Miksa Biyu a Kan Teburin Babanka

Kafanchan, ranar Alhamis

Zuwa ga autana Ishaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Na san za ka yi dariya, ka ce Mama, muna gida ɗaya, da safe ma tare muka sha kunu, me ya kawo wasiƙa? Ka yi dariyarka. Ni dai na gaishe ka, ina kuma roƙon Allah ya tsare fitarka ran Asabar, ya ba direba hankali a hanyar Kachia, ya wuce da ku Kasuwan Magani lafiya, ya sauke ka Sabon Tasha da kai da kayanka ba abin da ya taɓa ku. Sabon aikin da ka samu a masaƙa, Allah ya sa masa albarka. Amin.

Ina ofishin coci ne. Na gama shara, Fasto ya fita duba marar lafiya, sai na zauna gaban tafireta. Da yatsa biyu nake bugawa, kamar kaza tana tsintar dawa, saboda haka in ka ga magana ta karkace ka miƙe ta da kanka, kai ne ka yi makaranta. Na rubuta ne domin in na ce zan faɗa maka da baki, kai za ka mayar da shi wasa, ni kuma ido zai cika mini da ruwa, shi ke nan magana ta lalace.

Maganar miksa biyun nan ce, na'urorin haɗa sauti, da ke kan teburin babanka. Oga Chidi mai shagon kayan wuta ya ba ka su ka gwada a gida saboda mutuncin da ke tsakaninsa da marigayi, ya ce ka zaɓi ɗaya, gobe Juma'a ka mayar masa da ɗayar. Jiya kana ɗaure littattafanka ka ce mini, "Mama, ƙaramar zan ɗauka. Tana shiga jaka. Duk ƙarshen wata in taho da ita, ki yi waƙarki da Baba." Na ce maka to. Bakina ne kawai ya ce to. Tun lokacin zuciyata ba ta zauna ba.

Bari in fara da abin da idona ya gani, domin har yanzu ban gama mamaki ba.

Da ka shigo da su, ni na ɗauka rediyo ne da ba a gama ƙerawa ba. Ƙaramar kamar Littafi Mai Tsarki na kan bagadi. Babbar kuwa, kai da yaron Oga Chidi kuka ɗauko ta kuna nishi, baƙa wuluk, faɗinta kamar murfin akwatin aurena, maɓallai jere kunya-kunya kamar gonar citta. Ran Lahadi bayan sujada ka haɗa wayoyi, ka sa faifai ɗaya a hagu ɗaya a dama, ka maƙala abin kunne a kunne ɗaya, ka danne shi da kafaɗa. Waƙa tana tafiya. Sai na ga ka taɓa ɗan abin nan na ƙasa, kana tura shi a hankali daga hagu zuwa dama. Ishaya, ni mai ɗinki ce. Duk inda aka haɗa zane biyu, ko wane gwani ne ya haɗa, yatsana zai samo wurin. Na kasa kunne ina jiran in ji inda waƙar farko ta ƙare, ta biyu ta fara. Babu. Ina cikin wannan, sai na tsinci kaina cikin waccan, ƙafata ma ba ta daina buga ƙasa ba. Na ce Yesu na! Wane irin hankali ne Allah ya ba ɗan Adam?

Ka san abin da ya zo mini? Babanka a ɗakinsa na sama a tashar jirgi, inda yake canza wa jirage layi. Wata rana na kai masa abinci, ya ce in tsaya in gani. Jirgin Jos yana tahowa, ƙasa tana rawa. Ya kama wani dogon ƙarfe, ya ja da hannu biyu. Wannan ƙaton jirgi da nauyinsa duka ya bar layinsa ya hau wani, mutane a ciki suna cin rake, ko ɗaga kai ba su yi ba. Ya juyo ya ce mini, "Rifkatu, in suka ji a jikinsu, ban iya aiki ba." Da na ga hannunka ran Lahadi, hannunsa na gani. Shi da ƙarfe, kai da ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa.

Sai ka ɗauko kaset ɗin nan nasa. Ka san shi, amma ba ka san yadda aka yi shi ba, lokacin kana goye a bayana. Babanka yana cikin mawaƙan coci, shi ne mai muryar ƙasa, bes. Aikinsa na juyi ne, yau safe gobe yamma, koyon waƙa yana wuce shi. Shi ne ya zauna a falo ya ɗauki nasa ɓangaren shi kaɗai, don ya riƙa ji a wurin aiki. Shi ya sa kaset ɗin yake haka, ya yi waƙa kaɗan, ya yi shiru, ya sake shiga. Shirun nan wurin mata ne. Tun da ya huta ban iya sa kaset ɗin ba. Ba muryarsa ce take damuna ba, shirun ne.

Ka miƙo mini makirufo.

Na ce, "In yi me da shi? Ni Fasto ce?"

Ka ce, "Ki shiga inda ya bar miki."

Na ce, "Kai Ishaya, ka bar wasa da waɗanda suka huta."

Ka ce, "Mama kin yi latti, maigidanki ya riga ya fara."

Na shiga. Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Muryata ta fita ta sifika ɗaya da tasa, ba ya gaba ba na baya, kamar muna tsaye kafaɗa da kafaɗa a bikin Ista. Inda ya yi shiru na cika, inda na sauka ya ɗauka. Gashin jikina duk ya tashi.

Ka tuna Inna Mairo ta zo da nono daidai lokacin? Ta yi sallama a bakin ƙofa, ta tsaya cak da ƙwarya a ka.

"Innalillahi! Maman Ladi, muryar wa nake ji?"

Na ce, "Malam Bitrus ne."

"Wanda na zo gaisuwarsa?"

"Shi."

Ta sauke ƙwarya a hankali ta zauna a dokin ƙofa, tana kallon fitilun miksar nan kore suna hawa suna sauka da muryarsa. Ta ce maka, "Kai yaro, gaya mini gaskiya, me ke ciki?" Ka ce waya ce kawai, Inna. Ta ce, "Waya? To in na kawo maka igiyar farar saniyata da ta mutu bara, za ka sa ta yi kuka?" Muka yi dariya har na tsuguna. Amma da aka sake sa waƙar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Allah mai iko. Kin ga naki ko ya tafi ya bar miki wurin magana. Nawa yana nan da ransa, bai taɓa bar mini ba."

To a nan ne na yi kuskuren farko, a gabanka ma na yi shi. Ka nuna mini abin da ke ɗaga muryata da wanda ke ɗaga tasa. Da na ji daɗin muryata a sifika, sai na kai hannu na tura nawa har sama. Fitila ta koma ja, sauti ya fashe, babanka ya ɓace gaba ɗaya. Ka ce, "Mama, kin danne shi." Ka sauke nawa kaɗan, ya dawo. Ba ranar na fara ba. In ya dawo daga aiki ya soma ba ni labari, a hankali yake magana, ni kuma bakina da sauri, sai in hau kan maganarsa da labarin kasuwa da na zumuntar mata. Ba faɗa ba ne, bai taɓa cewa komai ba, yakan yi murmushi ya ci tuwonsa. Amma labarai da yawa rabinsu kawai na sani, kuma yanzu babu wanda zan tambaya sauran. Kai bakina ka ɗauko. In ka samu aboki mai sanyin magana, ko yarinya, ka riƙa sauke naka kaɗan. Ka iya yi a miksa, na gani da idona.

Yanzu bambancin su biyun, yadda kunnen tsohuwa ya ji.

Ƙaramar ba ta da laifi. Da ita muka fara, ta haɗa mu, na gode mata. Amma akwai wani shuuu a bayan muryarsa, kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta. Na ɗauka haka kaset ɗin yake, ya tsufa. Da ka mayar da wayoyin kan babbar, ka murɗa nan ka murɗa can, ka rage na sama ka ƙara na tsakiya kamar mai gyara gishirin miya, sai suyar ta lafa. Ishaya, na ji babanka yana jan numfashi kafin ya shiga baiti. Na ji kujerar katakon nan ta yi ƙara da ya gyara zama. Can nesa jirgi ya yi kuka. Sannan wani ɗan tari, ƙanƙani, na jariri. Ka cire abin kunne ka kalle ni. Kai ne. Kana bayana a ƙofar kicin, murar farko ta damina ta kama ka. Duk shekarun nan kana cikin kaset ɗin nan, mu uku muna ciki, ban sani ba sai da wannan baƙin akwati ya tono ka. Ni ban san me za a kira wannan ba. Na san ba mu'ujiza ba ce irin ta Littafi, mutane ne suka ƙera, amma wanda ya ba su kan da suka ƙera da shi nake jin tsoro.

Kuma na kalli hannunka. A kan ƙaramar yatsunka suna karo da juna, kana cire wannan waya don ka sa waccan, kana tsaki. A kan babbar faifai biyu da kaset da makirufo duk suna zaune lokaci ɗaya, kowa da hanyarsa, hannunka yana yawo kamar a ɗakinka. Ka manta ina wurin. Ka manta da abinci har ya yi sanyi. Uwa ta san fuskar ɗanta in ya ga abin da yake so. Tun kana firamare kake buɗe rediyon mutane, ban taɓa ganin fuskar nan kamar ran Lahadi ba.

Kai da bakinka ka ce kuɗinsu ba su yi nisa da juna ba, kuma abin da ka tara ya isa kowacce. Ka ce ba aikin DJ na biki za ka yi ba, na ɗaki ne, don kanka. To in haka ne dalili ɗaya ne ya sa ka ce ƙaramar, ni ce. Shi ya sa zan gaya maka babban kuskurena.

Mu matan ma'aikatan reluwe muna da wata al'ada. Ba ma sayen abin da ba zai ɗauru ba. Kullum ana cewa taransifa tana zuwa, yau a ce Minna, gobe a ce Makurɗi, wani ya ce ya ga sunanmu za a kai mu Enugu. Saboda haka duk abin da za ki saya, tambayar farko ita ce, zai shiga tarago? Lokacin da na tashi sayen keken ɗinki, akwai na ƙafa mai teburinsa, akwai na hannu. Na hau na ƙafa a shago na gwada, yana gudu kamar ruwa, hannuna biyu suna kan zane. Zuciyata ta so shi. Amma na ce a'a, in aka ce mu tashi fa? Na ɗauki na hannu. Da shi na ɗinka kayan makarantarku duka, hannu ɗaya yana juyawa ɗaya yana riƙe zane, ga kafaɗar nan tawa ta dama da kake shafa wa man zafi, daga nan ta samo. Manyan ɗinki, na amare, na ƙungiya, duk sun wuce ni zuwa wurin masu na ƙafa.

Ba keke kaɗai ba. Gadonmu na ninkewa ne. Kwalayen da muka zo da su na ajiye a ƙarƙashin gado har gara ta cinye, na nemo wasu. Maman Asabe da ke kusa da mu a kwatas, satin da suka sauka ta binne ƙwallon mangwaro a bayan kicin. Na yi mata dariya, na ce wa za ki shuka wa? Ta ce wanda ya samu. Kai ka sha mangwaron nan, har ka faɗo daga kansa. Taransifa kuwa ba ta taɓa zuwa ba. Aka raba Katsina da Kaduna muna nan, jirage suka ragu muna nan, babanka ya yi ritaya a nan, a nan aka binne shi. Na yi zaman aurena duka a Kafanchan kamar mai jiran mota, da jaka a cinya.

Kada ka je Sabon Tasha ka yi irin wannan zama. In ka ɗauki abin da yake shiga jaka saboda ni, to kai ma za ka zama mai shiga jaka. Ba za ka sa labule mai kyau ba, ba za ka san sunan maƙwabcinka ba, ba za ka shiga mawaƙa a cocin can ba, kullum kana lissafin ƙarshen wata. Jikinka a can, kunnenka a nan. Na san wannan zaman, ba shi da daɗi, kuma mutum ba ya sanin yana cikinsa sai ya tsufa.

Ka ɗauki babbar. Ka nemi kafinta ya yi mata tebur mai ƙarfi daidai tsayinka, don kada ka riƙa sunkuyawa.

Tun da na fara, bari in ƙara ƙananan abubuwa. Kada ka sa ta a wuta kai tsaye. Ka tuna talabijin ɗinmu? An ɗauke wuta ina kallo, na tashi na tafi ɗiban ruwa ban cire ba, aka dawo da ita da ƙarfi, na tarar da falo yana warin roba. Babanka ya sha gaya mini in riƙa cirewa, na ce kai dai ka cika tsoro. Ka sayi sitabilaiza tun kafin ka sayi katifa, in ka fita kuma ka cire komai daga bango. Ka rufe ta da zane, na ɗinka maka ɗaya daga ragowar atamfar zumunta, yana cikin jakarka. Ba zan ɓoye maka ba, da awon babbar na yanka shi, tun ran Litinin. Kofin shayi kada ya hau teburinta. Abokai za su zo su ce a ba su aro na dare ɗaya, akwai bazde, bikin ranar haihuwa. Ka ce ta yi nauyi, ba ƙarya ka yi ba.

Gidan haya kuma ba gidan ubanka ba ne. Bango ɗaya ne tsakaninka da mutane, wani yana da jariri, wani ya yi aikin dare yana barci, wani lokacin sallarsa ya yi. Ka san garinmu, ka san abin da muka gani da idonmu, ƙaramin abu yakan zama babba. Ranar da ka sauka, kafin ka kunna komai, ka bi ɗaki ɗaki ka gaishe su, ka tambayi lokacin da sauti zai dame su. In ka ji kiran salla ka sauke, ko ka koma abin kunne. Shi ma abin kunnen kada ka cika masa ƙarfi, kunne biyu kawai Allah ya ba ka.

Saura gaskiyar da ta fi wuya. Ishaya, ina son ƙaramar. Ina son ta ƙwarai. Jiya da ka faɗa, sai da na ga kaina duk wata ina jin mashin ya tsaya a ƙofa, ka shigo da jaka, mu rufe falo in tsaya kusa da babanka in yi waƙa. Na ga abin sarai har na fara shirya waƙoƙin. In babbar ta tafi Kaduna, ta tafi ke nan, ba wanda zai ɗauko wannan nauyi a mota duk wata. Gidan zai yi shiru. Yayarka Ladi tana gidan mijinta, kai ne na ƙarshe. Duk na sani. Amma ban haife ka don ka zama ɗan dakon kewata ba. In za ka zo, ka zo don ka ga uwarka ka ci tuwon acca, hannunka biyu a sake. Watan da ba ka samu zuwa ba, ka aiko da gaisuwa wurin direbobin tasha, ya isa.

Kaset ɗin ka tafi da shi, a wurinka ya fi fitowa. Ni kuma, tun da aka kawo ni garin nan amarya ban taɓa kwana a Kaduna ba, kullum ina gadin gida. To gadin ya ƙare. Bayan an gama girbin citta, in Allah ya bar mu, zan shiga mota in zo. Ka gaya wa maƙwabtanka tun yanzu, akwai wata tsohuwa mai ƙarar murya tana tafe, su yi haƙuri da ita na yini biyu.

Gobe da safe zan tafi kasuwa da wuri. Kafin in dawo ka ɗaure ƙaramar a bayan mashin ka mayar wa Oga Chidi, ka yi masa godiya, ka ce ta yi aikinta. Kada ka jira ni, kada kuma ka tambaye ni ko na tabbata. In ka tambaye ni ido da ido zan ce maka a'a.

Ubangiji ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a masaƙa tsakanin injuna, ya tsare ɗakinka daga wuta da ɓarawo da mugun baki. Ya ba ka maƙwabta na kirki, ya sa kai ma ka zama na kirki a gare su. Ya sa ƙafarka ta kama ƙasa a inda za ka. Cikin sunan Yesu, amin.

Ni ce mamarka,
Rifkatu